Gardamar Masana: Ladubban Muhawara a Fagen Kimiyya

Duk ɗalibin da ya taɓa hawa dandalin gasar muhawara ta makarantun sakandare ya san yadda abin yake. Ana raba 'yan takara gida biyu, masu goyon baya da masu adawa, a ba kowa mintoci ƙayyadaddu, a ajiye mai buga ƙararrawa. Wanda ya fi iya sarrafa harshe shi ke ɗaukar kofi, ko da kuwa a zuciyarsa bai yarda da abin da ya kare ba. Wannan horo ne mai amfani ƙwarai, don yana cire wa yaro tsoron jama'a, yana kuma koya masa tsara magana. Sai dai ɗalibin da ke burin zama masanin kimiyya yana bukatar ya san cewa gardamar da zai tarar a can gaba wata iri ce dabam. A can babu alƙalin da zai tashi da yamma ya karanta maki. Wata gardamar takan shekara hamsin ba a kashe ta ba, kuma mai yanke hukuncin ƙarshe, wato gwaji da awo, daɗin baki ba ya ruɗinsa. Ga shi kuma abin da ake jayayya a kai yakan zama babba, kamar maganin da za a ba majinyaci, ko ƙarfin gadar da motoci za su bi ta kai.

Saboda haka ne masana suka shimfiɗa wa kansu ƙa'idoji na yadda ake saɓani. Wasu a rubuce suke, wasu kuwa al'ada ce kawai da ƙarami ke gani wurin babba. Hanya mafi sauƙi ta gane darajarsu ita ce a duba abin da ya faru a lokutan da aka taka su, domin manyan masana ma sun taka, kuma ilmi ne ya biya diyya.

Inda aka faro

Malaman ƙasashen Musulmi na da sun mai da wannan abu fanni mai zaman kansa, wanda suka kira ladubban bincike da munazara. Wajen shekara ta 1000, al-Biruni ya aika wa Ibn Sina tambayoyi a rubuce yana ƙalubalantar ra'ayoyin Aristotal kan sammai da yanayin halitta, shi kuma ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Dukansu biyu samari ne a lokacin, kuma wasiƙun suna nan har yau. Daga baya, a ƙarshen ƙarni na 13, Shamsuddin al-Samarƙandi, masanin lissafi da falaki, ya rubuta wata 'yar risala da ta tsara dokokin muhawara, aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da ita. A tsarin nan, wanda ya zo da da'awa shi ke ɗauke da nauyin hujja, wanda kuma ya jingina magana ga wani malami sai ya nuna cewa lalle malamin ya faɗe ta. Abokin jayayya yana da ƙofa uku kacal. Yana iya neman dalili a kan wani mataki na hujjar, ko ya nuna cewa hujjar ta karye a wani wuri, ko ya kawo tasa hujjar da ke tabbatar da akasin abin da aka faɗa. Gori da zagi ba sa cikin ukun.

A Turai kuwa, an kafa ƙungiyar Royal Society a Landan a 1660, jim kaɗan bayan yaƙin basasar da ya ɗaiɗaita Ingila a kan sha'anin mulki da addini. Mutanen da suka kafa ta sun ga inda gardama marar linzami ta kai ƙasarsu, don haka suka kau da waɗannan batutuwa biyu daga zamansu. Sun kuma nace a kan cewa wanda ya ce ya gano wani abu ya zo ya gwada shi a gaban shaidu. A 1665 sakataren ƙungiyar, Henry Oldenburg, ya fara buga mujallar Philosophical Transactions, yana kuma kula da ranar da kowace wasiƙa ta iso, don kada gobe a yi rigima kan wanda ya riga wani. Wannan al'ada tana nan: duk wanda ya buɗe mujallar kimiyya zai ga ranar karɓar maƙala an buga ta tare da ita.

Abin mamaki, a cikin wannan ƙungiya ne aka yi ɗaya daga cikin mafi munin take ƙa'ida. Isaac Newton ya gano lissafin kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, tsakanin 1665 da 1666, amma ya ajiye bai buga ba. Gottfried Leibniz na Jamus ya gano shi ta tasa hanyar wajen 1675, ya kuma buga a 1684. Da magoya bayan Newton suka fara zarginsa da sata, sai Leibniz ya kai kuka ga Royal Society a 1711. Ƙungiyar ta naɗa kwamiti a 1712. To, shugaban ƙungiyar tun 1703 shi ne Newton. Kwamitin bai nemi jin ta bakin Leibniz ba, Newton ne ya tsara rahoton da ya wanke Newton, sannan a 1715 ya rubuta dogon sharhi mai goyon bayan rahoton ba tare da sa sunansa ba. An ba kura ajiyar nama ke nan. Leibniz ya rasu a 1716 da wannan tabo, alhali masana tarihi a yau sun yarda cewa kowannensu ya gano abin da kansa. Ingila ma ba ta tsira ba: saboda kishin Newton, masu lissafinta suka ƙi alamomin Leibniz masu sauƙin aiki har kusan shekara ɗari, sai a 1812 wasu ɗalibai a Kambirij, cikinsu har da Charles Babbage, suka kafa ƙungiya don shigo da su. Alamar dy/dx da ɗaliban ajin ƙarshe ke rubutawa a allo ta Leibniz ce.

Mai gaskiya ma yana da nasa nauyin

Kada a ɗauka ladubban nan masu ƙin gaskiya kaɗai suka shafa. A babban asibitin Biyana, cikin shekarun 1840, akwai ɗakunan haihuwa biyu. A na farko, inda likitoci da ɗalibansu ke aiki, kusan mace ɗaya cikin goma takan mutu da zazzaɓin bayan haihuwa. A na biyu, inda ungozomomi suke, adadin bai kai rabin haka ba. Wani matashin likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis, ya lura cewa likitoci kan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye wurin masu naƙuda. A watan Mayun 1847 ya sa kowa ya riƙa wanke hannu da ruwan kilorin. A watan Afrilu mace-macen sun kai kashi 18 cikin ɗari. A Yuni suka sauko kusan kashi 2.

Hujja ce mai ƙarfi, amma Semmelweis ya yi jinkirin rubuta ta. Sai a 1861 littafinsa ya fito, shekara goma sha huɗu bayan gwajin. Da wasu manyan likitoci suka ƙi gamsuwa, sai ya shiga aika musu buɗaɗɗun wasiƙu yana kiran su masu kisan kai. Laifin da ya fi girma na waɗanda suka ga alkaluma suka kau da kai ne, wannan babu shakka. Amma likitan da aka kira mai kisan kai a bainar jama'a, an rufe masa hanyar da zai ce "na yarda" ba tare da ya amsa laifin kisa ba, kuma mutane kaɗan ne ke iya haɗiye wannan. Semmelweis ya rasu a 1865 yana da shekara 47, a gidan masu taɓin hankali. Wanke hannu bai zama doka a asibitoci ba sai bayan da aikin Pasteur da Lister ya tabbatar da ƙwayoyin cuta, kuma a tsakanin nan mata masu yawa sun mutu.

Daren da aka yi wa yaro dariya

A 1930 wani saurayi Ba'indiye ɗan shekara 19, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila don ƙaro ilmi a Kambirij. A cikin jirgin ya riƙa lissafi a kan wani nau'in taurari da ake kira fararen wadanni. Tauraro irin Rana yana tsaye ne tsakanin ƙarfi biyu: nauyinsa yana jan komai zuwa tsakiya, zafin wutar cikinsa kuma yana turawa waje. Idan makamashi ya ƙare, sai tauraron ya tsuke har ya koma girman duniyarmu, alhali nauyinsa na nan kusa da na Rana. Cokali ɗaya na jikinsa zai kai tan da yawa. Abin da ke hana shi ci gaba da tsukewa shi ne ƙwayoyin ilaktaron, waɗanda ke da wata ɗabi'a ta ƙin a matse su wuri guda. Masana na lokacin sun ɗauka wannan shi ne makomar kowane tauraro, komai girmansa.

Chandrasekhar ya lura cewa a cikin wada mai nauyi sosai ilaktaron za su yi gudu kusa da na haske, don haka dole a sa ka'idar Einstein cikin lissafin. Da ya sa ta, sai ya ga cewa turjiyar ilaktaron tana da iyaka. Idan nauyin wadan ya wuce abin da a lissafin yau ya kai kusan ninki 1.4 na nauyin Rana, ba za su iya tare shi ba, zai ci gaba da ruftawa.

Babban masanin taurari a Ingila a lokacin shi ne Arthur Eddington, mutumin da ya je tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, ya ɗauki hotunan husufin rana na 29 ga Mayu 1919 don gwada ka'idar Einstein. Eddington yakan leƙa ɗakin Chandrasekhar a Kambirij yana ganin yadda lissafin ke tafiya. Shi ne ma ya taimaka aka ba yaron lokaci isasshe a taron ƙungiyar masana taurari ta Landan na ranar 11 ga Janairu 1935. Abin da bai gaya masa ba shi ne cewa shi ma zai yi magana nan take bayansa, a kan batu guda. Chandrasekhar ya gama bayaninsa ya zauna. Eddington ya tashi ya ce sakamakon shirme ne, kuma lalle akwai wata dokar halitta da za ta hana tauraro yin irin wannan wauta. Ya haɗa da barkwanci, zauren ya fashe da dariya. Ba a ba Chandrasekhar damar mai da martani ba. Shekararsa 24, Eddington kuwa 52.

A nan an karya ƙa'ida fiye da ɗaya. Eddington yana da cikakken 'yancin ƙin yarda. Ba a tilasta wa kowa karɓar sabon ra'ayi. Amma wanda ya ga kuskure a aikin abokinsa tun a ɗaki, a ɗakin ya kamata ya faɗa, ba ya ɓoye shi don ranar taro ba. Haka kuma cewa sakamako "bai yi kama da hankali ba" ba ya cikin ƙofofi ukun nan. Dole a nuna layin da lissafi ya karkace, kuma dalilan da Eddington ya kawo ba su gamsar da masana fizik ba. Laifi na uku kuwa na wasu ne. Chandrasekhar ya tuntuɓi manyan masana irin su Niels Bohr da Wolfgang Pauli, suka nuna masa a asirce cewa lissafinsa daidai ne, amma ba wanda ya fito fili ya tunkari Eddington. Shirun masani a irin wannan wuri ba kunya ba ce ta kirki, domin sauran jama'a suna ɗaukar shiru a matsayin amincewa da babba.

Chandrasekhar ya koma Amurka, ya fara koyarwa a Jami'ar Shikago a 1937, ya tattara aikinsa cikin littafi a 1939, sannan ya juya zuwa wasu fannoni. Tambayar da lissafinsa ya buɗe, wato ina tauraro mai ruftawa yake nufa, ita ce ke kai wa ga abin da ake kira baƙin rami, kuma sai cikin shekarun 1960 akasarin masana suka ɗauke ta da muhimmanci. An ba shi kyautar Nobel a 1983. Duk da abin da ya faru, bai yanke hulɗa da Eddington ba, ya kuma ci gaba da yabon gudummawarsa ga ilmin taurari bayan rasuwarsa a 1944.

Gaban takwarori kafin gaban 'yan jarida

Wata ƙa'idar ta shafi inda ake fara kai magana. Ranar 23 ga Maris 1989, masana biyu a Jami'ar Utah ta Amurka, Stanley Pons da Martin Fleischmann, suka kira 'yan jarida suka ce sun samar da makamashin nukiliya irin na cikin Rana a cikin kwalba, ba tare da tsananin zafi ba. Duniya ta ɗauka, amma cikakken bayanin da wasu za su bi su maimaita gwajin bai fito tare da sanarwar ba. Da manyan ɗakunan bincike suka gwada suka kasa samun abin, cikin 'yan watanni labarin ya rushe.

A kwatanta da abin da ya faru a Satumbar 2011. Masu wani gwaji mai suna OPERA sun auna ƙwayoyin niyutirino da aka harbo daga cibiyar CERN kusa da Janeba zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, suka ga kamar sun riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan na sakan ɗaya. Sun baje yadda suka yi awon, suka roƙi takwarorinsu su taya su neman kuskure. A farkon 2012 su da kansu suka sanar cewa wata wayar haske da ke kai saƙon lokaci ba ta ɗauru sosai ba. An ji kunya, shugaban tawagar ma ya sauka, amma an kashe maganar cikin watanni ba tare da an ɓata wa kowa shekaru ba.

Ranar da aka tace Einstein

A yau, kafin mujallar kirki ta buga maƙala, edita yakan aika ta ga masani ɗaya ko biyu na fannin su duba, kuma galibi ba a gaya wa marubucin sunansu. Hikimar ɓoye sunan ita ce ƙaramin malami ya iya cewa farfesa ya yi kuskure ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba. Wannan tsari bai daɗe da zama gama-gari ba; sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu sosai. A Jamus inda Albert Einstein ya yi suna, edita ne da kansa yakan yanke shawara, kuma da wuya a mai da wa sanannen masani aikinsa.

Tun a 1916 Einstein ya yi hasashen cewa abubuwa masu nauyi, idan suna motsi ta wata hanya, za su riƙa aika raƙuman jan nauyi cikin sarari, kamar yadda dutse ke tayar da raƙuman ruwa in an jefa shi a tafki. Amma a 1936, yana Princeton a Amurka, shi da mataimakinsa Nathan Rosen suka sake lissafi, suka ga kamar raƙuman nan ba za su yiwu ba. Suka aika maƙala ga mujallar Physical Review. Editan, John Tate, ya miƙa ta ga mai tacewa, wanda ya dawo da sharhi mai shafi goma yana nuna matsala. Tate ya tura wa Einstein sharhin cikin ladabi, yana neman jin ra'ayinsa.

Einstein ya fusata. A wasiƙarsa ta 27 ga Yuli 1936 ya ce sun aiko da maƙalar ne don a buga, ba su ba da izinin a nuna wa kowa kafin bugawa ba, kuma bai ga dalilin amsa sharhin wani marar suna ba, sharhin da a cewarsa kuskure ne. Ya janye maƙalar ya kai ta mujallar Cibiyar Franklin da ke Filadalfiya, aka karɓa.

To, mai tacewar ne ke da gaskiya. Kuskuren yana da sauƙin kwatantawa da taswira. A kan taswirar duniya, duk layukan da ke tafiya daga kudu zuwa arewa suna haɗuwa a ƙuryar arewa, ta yadda a wannan wuri ba a iya cewa ga layin da mutum yake kai. Wannan ba ya nufin ƙasa ta tsage a wurin. Tsarin layukan ne ya gaza. Einstein da Rosen sun ci karo da irin wannan wuri a lissafinsu, suka ɗora laifin a kan raƙuman, alhali na ma'aunin da suka zaɓa ne. In aka sauya ma'auni, matsalar takan kau, raƙuman su fito sarai.

Mai tacewar shi ne Howard Robertson, farfesa a Princeton ɗin, wanda ke hutun bincike a Kalifoniya lokacin da maƙalar ta same shi. Yadda ya bi da lamarin bayan dawowarsa abin lura ne. Bai fallasa cewa shi aka wulakanta ba, bai kuma jira maƙalar ta fito da kuskure don ya yi raddi ya yi suna ba, ko da yake hakan zai yi masa sauƙi. Rosen ya riga ya tafi Tarayyar Sobiyat, don haka Robertson ya ƙulla abota da sabon mataimakin Einstein, Leopold Infeld, suka zauna suka bi lissafin tare har Infeld ya ga inda aka kauce. Da Infeld ya kai wa maigidansa labari, sai Einstein ya ce shi ma ya gano kuskure a lissafin. Ya gyara maƙalar kafin a buga, ta fito a Janairun 1937 da sakamako sabanin na farko, tare da godiya ga Robertson saboda taimakonsa. Amma bai sake aika wa Physical Review cikakkiyar maƙala ba har ya rasu a 1955.

Sirrin mai tacewar ya daɗe a rufe. Sai a 2005 masanin tarihin kimiyya Daniel Kennefick ya bayyana cewa tsohon littafin rajistar mujallar yana ɗauke da sunan Robertson a gaban maƙalar Einstein da Rosen, tare da ranakun aikawa da dawowa. Shekara goma bayan haka, ranar 14 ga Satumba 2015, na'urorin LIGO biyu a Amurka, ɗaya a jihar Luwiziyana ɗaya a jihar Washinton, suka kama wata 'yar girgiza da ba ta kai sakan ɗaya ba. Ta taso ne daga karon baƙaƙen ramuka biyu, kowanne mai nauyin kusan Rana talatin, a nisan da haske ke yin fiye da shekara biliyan ɗaya kafin ya ratsa. An sanar da sakamakon ranar 11 ga Fabrairu 2016, bayan wata biyar ana bin kowace waya da kowane awo, kuma maƙalar ta fito ne a Physical Review Letters, ƙanwar mujallar da Einstein ya yi fushi da ita, bayan masu tacewa sun duba ta.